Yadda Ake Karanta Tsohon Hoton Yaƙi: Abin da ke Akwatunan Treichville da Adjamé

Yawancin tsofaffin hotunan yaƙi da ke gidajen Treichville da Adjamé, a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, ba a fagen fama aka ɗauke su ba. Babu hayaƙi a cikinsu, babu gudu, babu gawa. Mutum ne tsaye cikin kaki, ya banƙaro ƙirji, ya ɗora hannu ɗaya bisa ɗan teburi, bayansa labule mai zane. Wani an sa shi a firam an rataye a falo. Wani kuwa yana can ƙasan akwatin ƙarfe tare da littafin soja da takardun fansho, musamman a gidajen da ba a saba rataya hoto ba saboda addini. Masu hotunan 'yan mazan jiya ne da Faransa ta ɗiba zuwa yaƙin duniya na farko da na biyu, daga baya kuma Indoshin da Aljeriya. Waɗannan hotuna, da waɗanda rundunonin Turawa suka ɗauka suka adana, da na rikicin da ƙasar ta shiga tsakanin 1999 da 2011, duk da tambaya ɗaya ake fara karanta su: wa ke riƙe da kyamarar, me kuma yake so a gani?

Akwai dalilin da ya sa hotunan suka taru a waɗannan unguwanni biyu. Da Abijan ta zama babban birnin mulkin mallaka a 1934, Turawa suka keɓe wa kansu tudun Plateau. Baƙar fata aka tura su Adjamé ta arewa, da Treichville ta kudu, a ƙetaren tafkin Ebrié. Tsakanin Plateau da Adjamé aka kafa barikokin soja, Galliéni da Mangin, suka zama shinge. Shi wannan Mangin shi ne hafsan da ya wallafa littafi a 1910 yana kiran Faransa ta mayar da Afirka rumbun ɗibar sojoji. Jirgin ƙasa ya haɗa birnin da Bouaké da Bobo-Dioulasso, aka buɗe mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta fara aiki, mutane suka yi ta kwararowa: Mosawa, Julawa, Yarbawa, Zabarmawa, da Hausawa masu fataucin goro da shanu da sana'ar nama. Har gobe abincin titi mafi farin jini a Abijan, wato attiéké da soyayyen kifi, garba ake ce masa, da sunan 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi. Sojan da aka sallama, idan bai koma ƙauye ba, a nan yake samun aikin gadi ko masinja ko tuƙi, a nan kuma yake jiran fanshonsa.

Kyamara a hannun mai nasara

An fito da sana'ar hoto a 1839, kuma ba a daɗe ba aka kai ta yaƙi. Sai dai kyamarar wancan zamani ba ta iya kama abin da ke motsi. Mai hoto yana tafe da amalanke cike da gilasai da magunguna, kuma dole abin da za a ɗauka ya tsaya cik na wasu daƙiƙoƙi. Shi ya sa hotunan farko na sansani ne, da hafsoshi a zaune, da filin da aka riga aka gama faɗa a kansa. Tun a lokacin ma an fara gyara fili kafin ɗauka. Roger Fenton, wanda ya je yaƙin Kirimiya a 1855, ya bar hotuna biyu na kwari ɗaya: a ɗaya harsasan igwa na warwatse bisa hanya, a ɗayan hanyar fayau take. Har yau masana na muhawara kan wanda ya sa aka jera su.

A Afirka ta Yamma kyamara ta iso tare da rundunar mamaya, kuma abin da ta fi so shi ne sarkin da aka karya. Ranar 29 ga Satumba 1898 aka kama Almami Samori Ture a Guélémou, a yammacin Kwaddibuwa ta yau. Hotunansa da suka fi yawo na bayan kamun ne, cikinsu har da wanda yake riƙe da Alƙur'ani, da rawani a kansa. Wasu hotunan wannan lokaci hafsa Henri Gaden ne ya ɗauka, wanda daga baya ya yi aiki a Damagaram. An buga su bisa katin wasiƙa, an sayar, an aika wa dangi a Faransa. Manufar mai ɗauka a fili take: a nuna cewa mutumin da ya wahalar da Faransa shekara da shekaru ya zo hannu. Amma mai kallo na yau yana ganin wani abu da ba a yi niyyar nuna masa ba, wato dattijon da bai sunkuyar da kai ba. Hoto yakan kuɓuce wa mai shi ta wannan hanya, kuma a nan daɗin nazarinsa yake.

Na Rabeh ya fi muni. Bayan an kashe shi a Kuseri ranar 22 ga Afrilu 1900, aka nuna kansa a hannun wani sojan Afirka na rundunar Faransa, hoton ya shiga littattafai da jaridu. Bature ba ya ciki. Wanda bai san tarihin ba sai ya ɗauka baƙi ne suka yi wa junansu, alhali mai ba da umarni yana tsaye bayan kyamara.

Yaƙin 1914 da hotuna masu launi

Rundunar da Faransa ke kira tirailleurs sénégalais, Gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a 1857 a Senegal, sunan kuma ya bi ta ko da yawancin sojojinta suka zama 'yan Mali da Gini da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Benin da Nijar na yau. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne kusan mutum 200,000 aka ɗiba a yaƙin duniya na farko, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Duk inda aka ga an rubuta "ɗan Senegal" a ƙasan hoto, to sunan runduna ne kawai. Mutumin yana iya zama ɗan Korhogo ko ɗan Dosso.

A 1915 rundunar Faransa ta kafa sashen ɗaukar hoto nata, wanda taskarsa take yau a hannun hukumar ECPAD a Ivry, kusa da Paris. Aikin sashen shi ne ya nuna wa duniya Faransa mai ƙarfi da daula mai biyayya, kuma kowane hoto sai ya bi ta hannun masu tacewa. Saboda haka ake yawan ganin sojan Afirka yana atisaye, yana dafa abinci, yana rawa, yana dariya. Ba kasafai ake nuna wanda sanyi ya cinye wa yatsun ƙafa ba, ko gawarwakin da aka bari a Chemin des Dames a watan Afrilu 1917, inda rundunonin Afirka suka yi mummunar asara. A shekarar 1915 ɗin nan ne kuma kamfanin Banania ya ɗora sojan Afirka mai jar hula da wangalallen baki a tallar kokonsa. Wannan fuska ta daɗe a zukatan Faransawa fiye da kowane hoto na gaskiya.

Duk da haka, daga wannan sashe aka samu wasu hotuna mafiya daraja. A watan Yuni 1917 Paul Castelnau ya ɗauki sojojin Afirka a yankin Alsace da fasahar otokurom, wadda 'yan'uwan nan Lumière suka fito da ita kasuwa a 1907. Gilashi ne da aka shafe da ƙwayoyin sitacin dankali masu rini uku, yana ba da launi mai laushi da ɗan dishi-dishi. Yana bukatar haske da yawa da tsayuwa ta daƙiƙoƙi, don haka duk wanda ke ciki an tsayar da shi ne, an ce kada ya motsa. Abin da ya bambanta wasu daga cikinsu shi ne suna: an rubuta cewa wani daga cikin sojojin Amadou Sar ne, Bawolofe, an ɗauke shi a Ballersdorf. A tsakanin dubban hotunan da aka rubuta wa "wani soja baƙi" kawai, hoton da ke ɗauke da suna abu ne mai tsada.

Abin da aka gani da abin da aka ɓoye a yaƙi na biyu

Kafin 1939 kyamara ta ƙanƙance. Leica ta shiga kasuwa a 1925, kuma sojan Jamus na gama-gari yana iya rataya ƙaramar kyamara a wuya. Ta haka aka samu shaidar wata ta'asa da aka daɗe ana kuskuren masu aikata ta. Ranar 20 ga Yuni 1940, a ƙauyen Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus suka ware fursunoni baƙar fata daga farare, suka kora su cikin wani fili, suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. An kashe kimanin 50. Shekaru da dama ana ɗora laifin kan rundunar SS mai suna Totenkopf. A 2019 wani mai tara tsofaffin hotuna, Baptiste Garin, ya samu hotuna 8 da wani sojan Jamus ya ɗauka a wurin, suka yi nazarinsu tare da masanin tarihi Julien Fargettas. Hotunan sun bi abin daki-daki: fursunoni a hanya hannuwa sama, tankoki a bayansu, sannan gawarwaki cikin ciyawa. Alamun da ke jikin tankokin suka nuna runduna ta 10 ta tankokin sojan Jamus na yau da kullum ce ta yi aikin. Wanda ya ɗauki hotunan don ajiyar kansa ya yi, ba don ya tona asiri ba, amma shekara kusan 80 bayan haka su suka gyara tarihin. A maƙabartar Chasselay, wadda aka gina da jan bango irin na ginin Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, sojojin Afirka 188 ne ke kwance.

Rashin mutum a hoto ma labari ne. Sojojin Afirka suna cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence a watan Agusta 1944, suka ƙwato Toulon. Amma wanda ya duba hotunan shiga Paris ranar 25 ga wannan wata, da ƙyar zai ga baƙar fuska a rundunar Janar Leclerc, domin an riga an cire su tun kafin rundunar ta iso Turai. Da kaka ta yi, aka janye dubban sojojin Afirka daga fagen fama, aka karɓe kakinsu da makamansu aka bai wa samarin Faransa. Hotunan nasara na 1945 gaskiya suke faɗa game da waɗanda ke tsaye a wurin ranar, sai dai ba su faɗi wanda ya share hanyar ba. Haka kisan Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, inda sojan Faransa ya harbe tsofaffin fursunonin yaƙi da ke neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 ne, masana da dama suna ganin adadin ya ninka haka nesa ba kusa ba. Abin da yawancin mutane ke gani a zuci idan an ambaci Thiaroye ya fito ne daga fim ɗin Ousmane Sembène na 1988.

Hoton da soja ya biya da kuɗinsa

Hoton shago shi ne wanda sojan ya zaɓi yadda za a gan shi. Shi ya goge takalmi, shi ya karkata hula, shi ya biya. Wani ya riƙe sigari, wani ya ja hannun riga don agogo ya fito, wani ya tsaya da abokinsa sun riƙe hannu. Idan bayan dawowa ne, sau da yawa za a ga babbar riga an jera mata lambobin yabo a ƙirji, matarsa a gefe, yaro a ƙasa. Masu shagunan hoto a Kwaddibuwa da yawansu baƙi ne, Yarbawa da 'yan Gana da 'yan Togo, irin su Cornélius Augustt Azaglo, wanda ya yi suna a Korhogo. Sun san abin da mai zuwa yake so: ya fito da kwarjini, a ga ya je duniya ya dawo.

Ana fara karanta irin wannan hoto daga baya. A juya shi. Da yawa an wanke su ne bisa takarda mai layin adireshi irin ta katin wasiƙa, kuma akan samu hatimin shago. Hatimin Fréjus ko Saint-Raphaël yana nufin barikokin kudancin Faransa inda ake kai sojojin Afirka su yi hunturu. A Fréjus ɗin har masallaci aka gina musu wajen 1930, mai kama da na Djenné. Marseille tashar sauka da tashi ce. Saigon ko Hanoi ko Haiphong na nufin yaƙin Indoshin, tsakanin 1946 da 1954. Idan akwai rubutun hannu, a lura ko da boko ne ko da ajami, domin wanda ya rubuta ba lalle ne mai hoton ba. Sau da yawa wani abokin bariki ne mai ilimi yake rubuta wa kowa.

Sai tufafi. Jar hular nan mai kama da dara, da jan ɗamara mai faɗi a ƙugu, da naɗin ƙafa daga idon sawu zuwa gwiwa, su ne alamun rundunar tun kafin 1914 har farkon yaƙi na biyu. A hoto mai baƙi da fari jan yakan fito baƙi ƙirin, kada a ɗauka baƙar hula ce. Ƙugiyar jirgin ruwa a wuyan riga ko a goshin hular kwano alamar rundunonin mulkin mallaka ce. Hular kwano mai tudu a tsakiya, wadda ake kira Adrian, ba ta wuce 1915 a tsufa ba. Idan kuwa aka ga sojan Faransa cikin kakin Amurka da zagayayyar hular kwanonsu, hoton bai riga 1943 ba, shekarar da Amurka ta fara tufatar da rundunar Faransa ta Afirka. Igiyoyin hannun riga suna faɗin muƙami. Lambobin yabo kuma da siffarsu ake gane su, tunda launin ƙyallen ba ya fitowa: mai kama da gicciye da takubba biyu a tsakiya ita ce Croix de guerre, wadda aka ƙirƙiro a 1915. Lambar mulkin mallaka tana da ɗan ƙarfe a kan ƙyallenta da aka rubuta sunan ƙasar da aka yi aiki, kuma da madubin ƙara girma ana iya karanta shi.

Fuska ma takarda ce. Tsagar gado tana iya nuna Bamoshe ko Bazabarme ko Bagobiri a inda rubutu ya yi shiru. Mai ɗaukar hoto Joana Choumali ta bi masu irin wannan tsaga a Abijan a 2013 da 2014, ta kira su zuriyar ƙarshe, domin al'adar tana ƙarewa, masu iya karanta ta ma suna ƙarewa. Akwai kuma wani tarko a takardu: daga 1932 zuwa 1947 Faransa ta rushe ƙasar Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ta raba ta, babban kaso ya koma Kwaddibuwa, wani Nijar, wani Sudan ta Faransa. Sojan da littafinsa ya ce ɗan Kwaddibuwa ne a 1940 yana iya zama haifaffen Wagadugu.

A gidajen Hausawan Abijan da asalinsu Nijeriya ne ko Gana, hoton kakan na iya zama na ɓangaren Ingila. Alamunsa daban ne: bishiyar kwakwa a bajen rundunar Afirka ta Yamma, da faffaɗar hula mai naɗaɗɗen gefe ta yaƙin Bama. Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne tambarinta, ta 82 kuma mashi biyu a gicciye bisa gammo, saboda dubban 'yan dakon da suka ɗauki kayan yaƙi a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga. Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, kuma da yawa daga hotunan sojojinta suna gidan tarihin yaƙi na Landan.

Tsohon soja a bakin tafki

Treichville tana da wata shaida da ba kowace unguwa ke da irinta ba. Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi Indoshin. Da ya dawo bai samu aiki a gida ba, ya gangaro Abijan yana lebura a tashar jiragen ruwa. A nan ya haɗu da Jean Rouch, wanda ya ɗauki fim ɗin Moi, un noir a titunan Treichville da 'yan ci-ranin Nijar, aka fitar da shi a 1958. An ɗauki hoton babu sauti, daga baya Ganda ya zauna yana kallo yana magana a kai. Kusa da ƙarshen fim ɗin yana tafiya a bakin tafki da wani yaro, sai ya shiga kwatanta yaƙin: ya faɗi ƙasa, ya yi rarrafe, ya jefa gurnetin da babu shi, yana faɗin yadda abokai suka mutu da yadda shi bai tsira da komai ba. Babu bindiga a wurin, amma kaɗan ne cikin hotunan hukuma na Indoshin suka kai wannan faɗin gaskiya, don a nan sojan ne da kansa ke ba da labari. Daga baya Ganda ya koma bayan kyamara, ya shirya Cabascabo a kan tsohon sojan da ya dawo kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse. Shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1972. Ƙorafinsa na cewa bai tsira da komai ba kuwa na dubbai ne: dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai a 2011, lokacin da akasarin masu shi sun riga mu gidan gaskiya.

A Treichville akwai unguwar da ake kira Biafra. Kwaddibuwa na cikin ƙasashe ƙalilan da suka amince da Biyafara a 1968, kuma nan jagoranta Ojukwu ya yi gudun hijira daga 1970 zuwa 1982. Yaƙin Biyafara ya nuna ƙarfin hoto fiye da kowanne a Afirka. Hotunan yara masu kumburarren ciki, na masu ɗauka irin su Don McCullin da Gilles Caron, sun girgiza Turai da Amurka. Yunwar gaskiya ce. Gaskiya ne kuma cewa wani kamfanin farfaganda a Geneva, Markpress, yana aikin yaɗa labarin ɓangaren Biyafara. Mai nazari yana riƙe duka biyun, ba ya jefar da ɗaya don ɗaya.

Lokacin da yaƙi ya shigo unguwa

Daga juyin mulkin 24 ga Disamba 1999, zuwa tawayen 19 ga Satumba 2002, zuwa rikicin bayan zaɓen 2010 da ya ci rayuka kimanin 3,000, mutanen Adjamé da Treichville sun ga yaƙi a ƙofar gida. A wannan karo da yawa daga masu ɗaukar hoton 'yan ƙasa ne, irin su Issouf Sanogo na kamfanin AFP da Luc Gnago na Reuters, ga kuma wayar hannu a aljihun kowa. Ranar 3 ga Maris 2011 aka harbe mata 7 a wata zanga-zanga a Abobo, wani ya ɗauka da ƙaramar kyamara, duniya ta gani. Bayan kwana 5, ranar mata ta duniya, aka kashe mutum 4 a Treichville bayan wani jerin gwano. Magoya bayan shugaban ƙasa na lokacin, Laurent Gbagbo, suka ce bidiyon Abobo shiri ne. Aka kai bidiyon har kotun duniya da ke Hague, aka yi ta tankiya a kansa. A Janairu 2019 kotun ta sallami Gbagbo, bisa cewa masu ƙara ba su tabbatar da alhakinsa ba. Hoto yana iya nuna an kashe mutum, amma ba ya nuna wanda ya ba da umarni.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, sai dai a zamanin intanet ganin ma yana bukatar bincike. A watan Yuli 2010 tankar mai ta kama da wuta a garin Sange na Kwango, mutum fiye da 200 suka ƙone. Hoton gawarwakin ya yi ta yawo daga baya da sunan kisan gilla a Kwaddibuwa, sannan da sunan rikicin addini a Nijeriya. Hoton na gaskiya ne, rubutun ƙasansa ne ƙarya, kuma wannan ita ce yaudarar da ta fi yawa. Gyaran hoton kansa ma tsohon abu ne: a shahararren hoton kafa tutar Tarayyar Sobiyet bisa majalisar Jamus a Mayu 1945, an goge agogo na biyu daga hannun wani soja don kada a ce ganima ya kwasa. Abin dubawa shi ne lambar mota, rubutun allunan shaguna, irin kakin jami'ai, da ranar da hoton ya fara bayyana. Akwai kuma batun mutunci. Al'adar da ta ce a gaggauta suturta mamaci ba za ta ga dacewar a riƙa tura hoton gawarsa daga waya zuwa waya ba, alhali 'ya'yansa na raye a unguwar.

Adanawa

Babban abokin gabar hoto a Abijan laima ce. Fuskar hoto da ta nagatif wani siririn shafe ne da ke jiƙa, ya yi funfuna, ya manne da na kusa da shi. Paul Kodjo, wanda ake kira uban ɗaukar hoto na Kwaddibuwa, ya yi wa jaridar Fraternité Matin aiki, wadda hedikwatarta ke Adjamé. A 2008 ya miƙa wa Ananias Léki Dago tarin nagatif ɗinsa na shekaru, aka tarar laima da zafi sun lalata kaso mai yawa, aka shafe shekaru ana ceto abin da ya saura. Idan haka ta samu ƙwararre, to na cikin akwatin gida sai an tashi tsaye. Gidajen hukuma ma ba su tsira ba: an wawashe gidan kayan tarihi na ƙasa da ke Plateau a rikicin 2011.

Abin da iyali za su iya yi ba shi da tsada. Kada a liƙe tsohon hoto cikin leda mai zafi irin ta katin shaida, domin ba ya ɓaruwa kuma zafin yana ɓata shi. Kada a sa masa gam ko salatif. Idan ya manne da gilashin firam, a bar shi haka, a ɗauke shi ta cikin gilashin. A raba hotuna da farar takarda mai tsabta, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bangon da ke tsattsafo da damina. A ɗauki gaba da baya da waya, a hasken rana amma a inuwa. Masu sa wa tsohon hoto launi da kwamfuta sun yawaita, kuma manhajar zato take yi: takan mayar da jar hula shuɗiya, ta goge tsagar fuska a zaton tabo ne. A ajiye na asali daban.

Mafi gaggawa shi ne suna. A zaunar da tsohuwar da ta san mutumin, a rubuta da fensir a bayan hoton, ba da biro ba: sunansa, sunan mahaifinsa, garinsu, inda aka ce ya je, da lambarsa ta soja idan littafin yana nan. Da wannan lamba da shekarar shiga soja ana iya neman fayil ɗinsa a ma'adanar ma'aikatan soja da ke Pau a Faransa. Waɗanda suka mutu a fagen fama kuwa, katunansu suna shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa, inda ake neman mutum da sunansa. Sai dai a gwada rubutun sunan ta hanyoyi da dama, domin magatakardan bariki yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Mamman ya koma Mamane, Usman ya koma Ousmane, sau da yawa kuma sunan gari ko na ƙabila ne aka sa a gurbin sunan mahaifi.